Saniyar da ta yi birgima a toka

A gidanmu na Gangaren Tudu, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun Kaka, mahaifiyar Babanmu. A ruga ta tashi, can wajen Gitata, shi ya sa da wuya ta gama tatsuniya saniya ba ta leƙo ba.

Ina aji uku Ummata ta fara shafa man bilicin. Ni kuwa baƙa ce wuluk. Da can cewa ake yi ni da ita kamar an tsaga kara, sai ga shi an koma tambayarta ko 'yar riƙo ce ni. Abin ya ci mini rai, har na daina bin ta kasuwa.

Kaka ba ta ce wa surukarta uffan ba. Ranar nan dai ta iza wuta, ta ɗaga murya fiye da kullum, Umma na gefe tana ɓarar gyaɗa.

"Ga wata nan ta taso daga ruga," in ji ta. Muka ce ta iso mu ji ta.

Wai balbela ce ta zo baƙunci garke, ta haye bayan baƙar saniya, ta ce ai fari don hawa aka yi shi, baƙi don ɗauka. Saniya ta gaskata, ta je ta yi birgima a toka. Da ta dawo, ɗan maraƙinta ya shinshina ta ya ja da baya. Nono na zuba, shi yana kukan yunwa, yana neman uwarsa alhali ga ta a gabansa. Sai da ruwan sama ya wanke ta sannan maraƙin ya kama nono.

"Uwata ce ta ba ni ita," Kaka ta ce, "zamanin da ake ɗibar mazanmu dakon kayan Bature. Ba dama a faɗa masa a ido, to sai a faɗa wa yara."

Umma ta tattara gyaɗarta ta shige ɗaki.

Na girma na karanta marubuta baƙar fata da suka yaƙi mulkin mallaka da alƙalami, na ƙaunace su ƙwarai. Amma a wurin tsohuwar da ko baƙi ba ta sani ba na fara ganin labari ya ƙwato mutum. Da Umma ta bar man, fatarta ta daɗe tana dabbare-dabbare kafin ta dawo, ba ta kuma ɓoye ta ba. Wata safiya ta yafa gyale, ta miƙo mini hannu.

"Taso ki raka ni kasuwa, Baƙar Umma."

Ko takalmi ban tsaya nema ba.