Ludayin Malam Ɗantani

A da, idan ƙishi ya kama ka a Birnin Kebbi, ba ka da dogon zaɓi: fura da nono, kunun tsamiya, kunun zaƙi, sai ruwan randa. Kowace ƙwarya ka san hannun da ya dama ta, wani lokacin har gonar da geron ya fito. Yanzu kowane shago da firjinsa, kwalabe da gwangwanaye jere, jikinsu rubuce da harsunan da mai shagon kansa bai iya karantawa. Tsakanin zamunnan nan biyu Malam Ɗantani ya rayu, shi da ludayinsa.

Ku da kuka san shi a unguwar Nasarawa, ba sai na kwatanta muku ludayin ba. Ɗan ƙarami ne na duma, ya yi baƙi don tsufa, kullum yana aljihunsa tare da carbi. Ni taubashinsa ne, tare muka tashi, don haka duk abin da zan faɗa a kansa na sha faɗa masa ido da ido. Mutumin nan bai taɓa sayen abin sha da kuɗinsa ba! In ya tarar da kai da ƙwarya, sai ya yi sallama, ya zaro ludayi.

"Ba sha za ni yi ba," in ji shi, "ɗanɗanawa za ni yi."

Zai kurɓa, ya rufe ido, ya juya abin a baki, kowa ya yi tsit. Hukuncinsa kuwa uku ne, ba na huɗu: "Ya ci sunansa," ko "An yi ƙoƙari," ko kuma wanda mata suke tsoro, "A ba akuya." A Abijan na ga mutumin da ake biya albashi don ya kurɓi kofi ya faɗi darajarsa, amma bai kai Ɗantani ɗaure fuska ba. Bambancinsu ɗaya: na Abijan tofarwa yake yi.

Wata shekara muka je suna Argungu, gidan Inna Ige, ƙanwar kakarmu, wadda furarta ta yi suna a unguwarsu. Aka kawo ƙwarya. Ɗantani ya kurɓa, ya daɗe idonsa a rufe.

"Inna, turmin ga jiya an daka albasa cikinai."

"Kai, ɗan nema! To aje muna abinmu tunda ba ta yi ba."

"A'a Inna, ai ban ƙare bincike ba."

Ya yi ta bincike har ludayi ya fara kankarar gindin ƙwarya. Sannan ya goge gemu ya ce, "An yi ƙoƙari." Wallahi da muciya ta raka shi har bakin zaure.

Da girma ya zo, sai ciwon sukari ya kama shi. Ni na kai shi asibiti. Likita, wata yarinya sa'ar jikarsa, ta ce daga yau ba kunun zaƙi, ba lemon kwalba, musamman baƙin lemon nan mai kauri da ya fi so.

"Ɗiyata," ya ce, "ni ba sha nike yi ba, ɗanɗanawa nike."

"Baba, jininka bai san bambancin ba."

A mota ya ce min, "Labbo, wagga likita an yi ƙoƙari." Amma na ga jikinsa ya yi sanyi.

Abu biyu ne rayuwar Ɗantani: ludayi da ladanci. Tun yana saurayi yake kiran salla a masallacin unguwa, ba a biyan sa, bai kuma taɓa yarda wani ya taɓa masa lasifika ba. Na biyun nan ne na kusa raba shi da shi, da kyakkyawar niyya.

Na je Umara, a wani kanti a Jidda na ga abin sha na sha'ir a koriyar kwalba. A jikinta an rubuta da Larabci cewa ba barasa ko ɗigo, sukari kuma kaɗan ne, ba ya sa ƙiba. Na ga dattawa masu gemu suna saye. Na ce to, ga abin da zai maye wa taubashina baƙin lemonsa. Na manta da abu ɗaya: Jidda daban, gindin darbejiyar masallacinmu daban.

Na sayo 'yan kwalabe, da na dawo na aika masa gida. Shi kuwa ba ya yanke hukunci sai da 'yan kallo. Bayan La'asar, majalisa ta cika, sai ga shi da kwalba a hannu.

"Jama'a, tsarabar Labbo. Bari mu ji mi Larabawa suka iya."

Ya buɗe. Abin ya yi tsiii, kumfa ta taso fara fat, ta zubo masa a yatsu. Ya tsiyaya a ludayi, ruwan rawaya ne garau. Wani wari mai ɗaci-ɗaci ya bugi hancina, warin da na sani, don na sha wucewa ta gaban mashaya a Kwatano. Kafin in buɗe baki, ya yi bisimilla ya kurɓa. Ya haɗiye.

Alhaji Namadina ne ya fara miƙewa. Shi ne shugaban kwamitin masallaci, kuma kowa ya san ya daɗe yana so a ba ɗan ƙanensa ladanci.

"Innalillahi! Malam Ɗantani, giya ka sha a ƙofar masallaci?"

Ba wanda ya yi dariya. Mutanen da ke kusa da Ɗantani suka ja tabarma baya. Masu fitowa daga alwala suka tsaya, samari suka fara taruwa, wani ya ɗaga waya yana ɗauka, wani daga baya yana cewa a kira hukuma. Na ce, "Alhaji, daga Jidda na sayo ta, ga rubutu nan, karanta."

"Kai da ka gama yawon duniya, mi ne ba ka iya sayowa? Rubutu ai takarda ce. Hanci ba ya ƙarya. Dubi kwalbar, dubi kumfar! Wallahi bakin da ya sha wannan ba zai kira muna Magariba ba."

Aka aika a kira Liman. Zaman jiran nan ban taɓa yin irinsa ba. Ɗantani yana zaune, ludayi a hannu da sauran abin a ciki. Rana tana sauka. Ɗan ƙanen Namadina har ya matsa kusa da ƙofar ɗakin lasifika.

Liman ya zo, ya sa tabarau, ya karanta kwalbar gaba da baya. Ya ce rubutun ya ce babu barasa. Namadina ya ce shi bai yarda da rubutu ba, kuma rabin jama'a suka gyaɗa kai. Liman ya juya.

"Malam Ɗantani, kai ne mai harshe a garin nan. Giya ce ko ba giya ba?"

Nan na ce shi ke nan. In ya ce giya ce, ya sha. In ya ce ba ita ba ce, za a ce kare kansa yake yi. Ɗantani ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa.

"Allah gafarta Malam, tun daga Augie har Zauro ba ƙwaryar da ludayin ga bai shiga ba. Amma giya ban taɓa sa ta a baki ba. Abin da ban sani ba, yaya za ni ce ga shi, ko ba shi ba ne? Wagga shari'a ta fi ƙarfina. Sai dai a samo wanda ya san ɗanɗanonta."

Sai ya miƙa ludayin gaba da hannu biyu.

"Wanda duk ya san ta, bisimilla. Ya kurɓa ya gaya muna gaskiya."

Ya bi majalisa da ludayin nan, mutum bayan mutum. Kowa ya sunkuyar da kai. Mai ɗaukar hoto ya sauke wayarsa. Da ya iso gaban Namadina sai ya tsaya.

"Alhaji, kai ka rantse. Taimaka muna."

Namadina ya tura hannayensa biyu cikin babbar riga. "Ni? Allah ya tsare ni! Ina na san ta?"

"To," in ji Liman, "ba shaida. Mai sayarwa ya ce babu, mai sayowa ya ce babu, mai zargi ya ce bai san ta ba. Amma abin da ya yi kama da haram har ya raba kan jama'a, barinsa ya fi. Alhaji Labbo, kwashe kwalabenka. Malam Ɗantani, kurkure bakinka, lokaci ya gabato."

Wani tsoho daga gefe ya ce, "To Malam, tunda dai an sha, mi ne hukunci?"

Ɗantani ya dubi ludayin, ya zubar da sauran a gindin darbejiya.

"Sun cire barasa, sun cire sukari, sun cire daɗi. Ruwan wankin hatsi ne da girman kai. A kan wanga za a raba ni da lasifika? A ba akuya. Akuyar ma a ba ta haƙuri."

Majalisa ta fashe, har Liman sai da ya rufe baki da rawani. Amma da ya kira Magaribar ranar, muryarsa ta karye a tsakiya, ya tsaya, ya sake ɗauka. Ni kaɗai na san ba tsufa ba ne.

Washegari ya zo gidana, ya ajiye ludayin a kan tabarmata.

"Riƙe, ɗan yawo. Ya kusa ci min masallaci."

Na ɗauka wasan taubasai ne, na ce gobe ma zai dawo ya karɓa. Bai dawo ba. Ya ci gaba da kiran salla har makon da ya kwanta, amma bai ƙara ɗanɗana ƙwaryar kowa ba. Tun daga ranar, a Nasarawa ana dama fura a sha a tashi, ba mai rufe ido, ba mai jiran hukunci. Ludayin yana rataye a zaurena.

Allah ya jiƙan Ɗantani, ya yafe masa furar mutane da ya ƙarar da sunan bincike. Allah ya karɓi kiran sallarsa, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, inda ba likita, ba mai zargi. Na san abin da zai ce in ya kurɓa: ya ci sunansa. Amin.