Gaisuwar Mutuwa a Gidan Mai Rai

An yi mini gaisuwar mutuwar mijina yana cikin ɗaki yana shan kunu. Ban yafe ba, kuma kada wanda ya zo mini da wa'azi a kai.

Maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar ce ta fara. Ta shigo da kwanon tuwo, ta durƙusa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya haƙuri?"

Na ce, "Haƙurin me?"

Ta ce, "To, ya muka ji da haƙuri dai."

Kowane Bahaushe ya san mara lafiya "ya jiki" ake ce masa, mai jinya kuma "ya mai jiki". "Ya haƙuri" sai an fita da makara. Da ɗaya ce cikin yaranmu na yanzu da Sango, yaren garin nan, ya cinye wa harshe, da na ce kuskure ne. Wannan kuwa tsohuwa ce, da Hausa haƙoranta suka fito, da Hausa suka zube. Kafin mako ya zagayo wasu matan ma sun maimaita mini ita. Sai na gane wani ne yake bin gida gida yana binne mini miji da baki.

Malam, mijina, shagon kayan gini yake da shi a Titin Koudoukou, ƙusa da kwaɗo da fenti. Ya daɗe da hawan jini, magani kuwa sai ranar da ya ga dama. Wata rana da hantsi ya miƙa hannu zai sauko da gwangwanin fenti, ya zube ƙasa. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma kamar ta mai tauna rogo da zafi. Ƙaninsa da suke shagon tare shi ya ɗauke shi zuwa asibiti.

Ranar da aka sallame mu, likita da ƙanin ya yi magana, da Faransanci, don shi ne ya yi lakwal, wato boko, tun yana yaro. Ni ina tsaye a baya riƙe da ƙullin kaya, kamar 'yar rakiya. Sai da na aurar da babbar 'yata na shiga makarantar manya, Faransancina a lokacin bai wuce karanta allon shago ba. Amma kunnena a buɗe yake. Likitan ya ɗaga kwalin magani, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce, "A bi." Ya sake cewa, "A bi." Har na yi murmushi, na ce a raina ashe likitan nan ya tsinci Hausa: a bi magani, a bi doka, Malam zai tashi.

A cikin tasi na tambayi ƙanin me aka ce. Ya girgiza kai ya ce, "Matar Yaya, sai addu'a. Ya ce ya yi ta sha har ƙarshen rayuwarsa." Malam yana zaune tsakaninmu. Hannu da ƙafa ciwon ya kama, bai taɓa kunne ba.

Daga nan na sa ido. An ce a riƙa kai Malam wajen masu motsa gaɓoɓi, kine ake ce musu a nan. Ƙanin ya kai shi 'yan kwanaki ya daina, wai wahalar da bawan Allah kawai ake yi. Na bi ta ƙofar shago na ga an ɗauke kujerar Malam an kai bayan buhunan siminti, ta ƙanin ce a bakin ƙofa. Wata Juma'a ya zo aron hular Malam, mai baƙin zare, wadda yake ji da ita, bai dawo da ita ba. Kowane ɗaya cikin waɗannan, in ka ɗauke shi shi kaɗai, ba komai ba ne. Ni kuwa jera su nake yi. Har ta kai ko lemo ya kawo sai na juya shi na duba, ko sannu ya ce sai na auna muryar.

Na kai maganar wajen malamarmu ta makarantar manya. Na faɗa mata abin da na ji, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ba Hausa likitan ya yi ba. Ta ɗauki alli ta rubuta a allo: à vie. Ta ce vie rayuwa ce, ana nufin muddin rai.

Na ce, "Malama, rai mai tsawo ko gajere?"

Ta ce, "Hajiya, kalmar ba ta faɗi tsawo ba."

Abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ƙanin bai yi ƙarya ba. Amma "muddin rai" na nan, "ƙarshen rayuwa" na nan, dukansu Hausa ne, ya miƙa hannu ya zaɓi mai warin kabari. Kuskuren ɗan lakwal ne da Hausarsa ta yi tsatsa, ko zaɓin mai son kujera? Har yau in na tuna, amsar da nake ba kaina da safe daban, ta yamma daban.

Akwai wani tsoho a unguwar Kokoro mai sayar da goro da hannu ɗaya. Irin ciwon Malam ya kayar da shi tun ina da cikin autata, ga shi autar har ta fara ɗaura ɗankwali. Na je na zauna gaban farantinsa kamar mai ciniki, na tambaye shi gaskiya.

Ya ce, "'Yata, cikin waɗanda suka zo duba ni suna share hawaye, akwai waɗanda ni na raka gawarsu ina jan ƙafa." Ya yi dariya da rabin baki. Sai kuma ya ce, "Amma kada in ruɗe ki. Akwai waɗanda muka kwanta ɗaki ɗaya, abin ya dawo musu, bai bar su ba. Na sani wasu sun yar da magani, wasu kuma ba su yar ba, lokaci ne ya yi. Ni dai ina sha, ina tafiya. Yeke yeke." A hankali a hankali ke nan, da Sango.

Na dawo gida bayan la'asar da wannan magana a bakina, ina ɗokin juye wa Malam. Na tarar da ƙwayar da na bar masa tun safe a kan faranti. Lemon tsamin da aka ce ya riƙa matsawa da hannun da ya shanye yana can ƙarƙashin gado. Na ɗauko na sa masa a tafi, ya sake shi ya faɗi.

Na ce, "Malam, mene ne haka?"

Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito. "Bar shi. Nawa ya rage?"

Ashe duk "ya haƙuri" da aka yi a tsakar gida ta taga take shiga. Mutumin da ya yi faɗa da direbobin Kamaru a kan ƙusa ɗaya, yau ya kwanta yana jiran a zo a ɗauke shi.

Ana cikin haka ƙanin ya yi sallama, da hular a kansa.

Na ce, "Sannu da zuwa, magaji. An raba gadon ne ban ji ba?"

Ya ce, "Kai, matar Yaya, ke dai bakinki ba ya hutu."

"Ba wasa nake da kai ba yau. Wa ya gaya wa matan unguwa Malam ya gama?"

"Ni abin da likita ya ce na faɗa."

"Cewa ya yi muddin rai."

"To ai ɗaya ne!"

"In ɗaya ne, ni ma in ce maka za ka yi ta cin tuwo har ƙarshen rayuwarka, ka ji ko zai wuce maka a wuya."

Sai ya cire hular, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ni na ɗauke shi daga ƙasan shago. Ni na ga idonsa ranar. Ba na son ki sa rai ne abin ya zo ya kayar da ke." Ya ajiye hular a gefen gado ya fita.

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Na ga hawayen. Na kuma ga kujerar. Abin da na tabbatar shi ne na bar rayuwar mijina ta bi ta bakin wani kafin ta iso kunnensa, alhali likitan nan ɗan ƙasa ne, yana jin Sango, ni kuwa Sango ba a fassara mini shi. Tsayuwar baya da ƙullin kaya ce kawai ta rufe mini baki.

Washegari da sassafe na yi wa Malam wanka, na sa masa farar riga, na ɗora masa hularsa mai baƙin zare. Na tura masa ƙwaya a baki, ya harare ni, na harare shi, ya haɗiye. Ban aika wa ƙanin ba. Na fita titi na tare tasi, ni da direban muka kama Malam muka zaunar da shi a gaba. Maƙwabciyar nan tana bakin ƙofarta tana shara, ta buɗe baki za ta gaishe ni.

Na ce, "Ga shi nan. Ki ce masa ya jiki."

Ta ce, "Malam, ya jiki?"

Na rufe ƙofar mota, na ce wa direba asibiti.