Tef Ɗin da Bakinsa Ya Karye

Laifina ne, ba na kwamfuta ba, ba kuma na ƙanena ba. Na daɗe da sanin haka kafin in iya faɗa.

Ni mai walda ne a Funtua, injin sussukar dawa nake haɗawa. Ƙanena ya yi karatun injiniya, ya dawo bai samu aiki ba, sai ya kafa teburi a kusurwar shagona. Yana zana inji a kwamfuta ƙarfe-ƙarfe, sannan ya kwashe zanen ya kai wata manhaja mai sa shi motsi, a ga yadda zai yi aiki tun ba a yanka ƙarfe ba. Ya ce wajen kwashewar ne gaɓoɓin ke warwarewa, sai ya bi su ɗaya-ɗaya yana nuna wa manhajar wanne ke juyawa a kan wanne. Kwana uku ya yi a kan hannun da ke girgiza rariya kaɗai. Ni kuwa ina wucewa ina ce masa mai wasan kwaikwayo.

Wasu manoma daga Dandume suka kawo tsohon injinsu a sabunta masa rariya. Ƙanena ya ce in auno masa tsakanin wili da bangon injin. Tef ɗin awo na shagonmu bakinsa ya karye tun shekarun baya, inci biyu babu. Duk wanda ke aiki da ni ya san ana cire biyun nan a ka. Ranar ina sauri, na karanta masa abin da na gani kawai. Shi bai san halin tef ɗin ba.

A allo injin ya yi ta juyawa sumul, har manoman suka taru suna kallo suna cewa Allah ya yi albarka. Muka yanka hannun yadda zanen ya ce. Da aka tayar da injin gaske, juyi ɗaya hannun ya daki bango ya lanƙwashe.

Nan take na gane dalili. Amma bakina cewa ya yi, "Kun ga aikin 'yan boko ke nan." Aka yi dariya. Ƙanena ya naɗe wayoyinsa ya fita.

Wata biyu yana gida yana bin lissafinsa, yana neman kuskuren da babu shi a ciki. Mahaifiyarmu ce ta gaya mini har ya fara cewa wataƙila karatun ne bai zauna masa ba.

Bayan sallar La'asar wata Juma'a na same shi a zaure, na ajiye tef ɗin a gabansa. Ya juya shi, ya dubi bakin.

"Yaya, tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar," na ce. "Lissafinka daidai ne. Ni na ba ka awon banza, na kuma bar mutane suka yi maka dariya. Ka yafe mini, don Allah."