Ranar da Kiyashi Suka Ceci Karatun Ƙanena

Matso kusa ka ji, don wannan rana ko na tsufa tukuf ba za ta fita raina ba. Lokacin sojoji na shirin miƙa mulki, 'yan siyasa na bi gida-gida suna neman ɗan lakol, wato ɗan boko, su tsayar. Sai ga ƙanena ya zo garinmu Gangara hutu daga Faransa, inda yake karatu. Baba ya zaunar da shi tsakar gida ya ce, "Ana son ka tsaya takarar magajin gari. In ba ka gaya mini da Hausa mi kake yi can ba, ba ka komawa."

Yaron ya ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne masu rai, ido ba ya ganinsu. Aikinsa ya buga zane a kan gilashi da wani sinadarin jiki, furotin, ya zuba ƙwayoyin ya ga inda za su manne. Baba ya ce, "Ashe shafe-shafe ka tafi yi!"

Sai ƙanena ya dube ni. "Yaya, kawo faranti biyu, zuma da riɗi." Ya sassaƙa tauraro a jikin dankali, ya dangwala zuma, ya gwada bugawa a faranti ɗaya ya ture shi gindin bango. Ya buga a ɗayan, ya barbaɗa riɗi, ya karkace. Tauraro ya fito raɗau! Har na rangaɗa guɗa. Baba ko gezau. "Riɗi ba shi da rai. Ko a sanƙona ka shafa zuma zai manne." Aka kwashe da dariya, jikin yaron ya yi sanyi.

Da suka tafi la'asar na je ɗauko farantin gindin bango in wanke. Kiyashi sun yi layi a kan tauraron cif, sauran wurin fayau. Na tallabo shi a hankali na jira Baba.

Da suka dawo, Baba ya daɗe yana kallo. "Waɗannan kam da ƙafarsu suka zo."

Ƙanena ya ce, "Haka ƙwayoyin ke zaɓe, Baba. In mun gane abin da suke so, ƙarfen da likita ke sa wa mai karaya, nama zai kama shi."

"Koma abinka. Kujera ba ta rasa mai so."

Tun ranar na gane dattijo ba taurin kai gare shi ba, so yake ya gani da idonsa, da kayan gidansa. Kai fa, aikin da kake tinƙaho da shi, za ka iya nuna wa babanka shi a faranti?