Yadda yatsuna suka koyi Faransanci a Zangon Lome

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar Agege, ni da wasu 'yan kasuwa da suka cika but ɗin motar da atamfa. Ni kuwa jaka ɗaya ce a cinyata, laftof a ciki, na rungume ta kamar jariri. Masu tambayata me ya kai ni Togo, jarrabawa ce. A wurin aikinmu an ce duk mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da aikin kamfani, ya kawo takardar shaidar ƙwarewa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wani kujerarsa. Na nemi gurbi a Legas duk an cike, sai a Lome na samu.

Kuma ba jarrabawar canki-canka ba ce. Gaban saba za a zaunar da kai, ka raba ta ta zama kwamfutoci da yawa a cikin guda, kamar gidan haya mai ɗakuna, ka gyara abin da aka ɓata da gangan, agogo na tafiya. Hannunka ake dubawa.

Hanyar Badagry dai kun san ta, tsaya nan, tsaya can. A Kwatano muka sauya mota, na canji naira zuwa sefa, abin da aka miƙo mini ko tafin hannu bai cika ba. Amma daga iyakar Togo raina ya yi fari: teku a hagu, kwakwa jere, mata na tallar soyayyen kifi. A Lome na hau babur, zem suke ce masa, muka ratsa cunkoson kasuwar Agoè-Assiyéyé har Zango. Can Bazabarme da Bafulatani da Bahaushe duk Hausa suke yi, sai dai a tsakiyar magana ka ji an jefo Faransanci.

Gidan kawuna na sauka, ƙanin mahaifiyata, mai sayar da kayan babur. Niyyata in kulle ɗaki in yi ta gwaji har ranar jarrabawa. Ashe Kawu ya riga ya yi shela a masallaci cewa ɗan 'yar'uwarsa injiniyan kwamfuta ya iso. Ban gama koko da ƙosan safe ba aka fara sallama. Mai shagon buga takardu, liman da kwamfutarsa ta ƙi tashi, wata Hajiya mai safarar goro. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma baƙo zai kori mutanen mai masaukinsa?

"Kawu, aikina fa ke rawa," na ce masa.

"To ai aikin ne suke kawo maka, ɗana. Ci ayimolu tukuna." Shinkafa da wake ce, da yaji mai sa hawaye.

A shagon buga takardu abin ya ishe ni. In danna A sai Q ta fito. M ta bar mazauninta. Lamba ma sai ka haɗa da wani maɓalli. Kalmar sirri kuwa, da ba a ganin abin da kake bugawa, na yi ta kuskure har kwamfutar ta kulle ni. Kibod ɗin Faransawa ne, kuma na liman ma haka yake. Ina cikin tsaki sai wani tunani ya faɗo mini. In duk garin haka ne, ina ga cibiyar jarrabawa?

Nan take na hau zem zuwa cikin gari, wajen Amoutivé. Na leƙa ɗakin jarrabawar, ga kibod jere, duk irinsa. Matar da ke kula da wurin ta ce shi kaɗai suke da shi, kuma ba a shigowa da na gida. Karatun wata da watanni, a ce neman harafi zai kayar da ni? Na ce ba za ta saɓu ba.

Mai shagon ya ara mini wani tsohon kibod, na jona da laftof, na ɗaura ɗamara. In gina saba, in rushe, in sake ginawa, ba tare da na kalli yatsuna ba. Da Kawu ya gane abin da ke ƙasa, sai ya jawo benci ya zauna bakin ƙofa da carbinsa. Duk wanda ya zo ya ce masa, "Injiniya na halwa." Har Hajiya mai goro ya mayar, ita da ba a mayarwa.

Ranar jarrabawa wani ɗan Ghana ne kusa da ni. Ina jin yadda yake danna maɓalli ɗaya-ɗaya yana huci, na tausaya masa, don da yanzu ni ma haka nake. Nawa yatsun sun yi tuntuɓe kaɗan, sai suka kama hanya. Na ƙare aikin ƙarshe agogo na gab da cika.

A hanyar dawowa, muna layi a iyakar Seme, saƙo ya shigo wayata: na ci. Na yi hamdala a fili har direba ya waiwayo. Yanzu ina kan kujerata a Legas, ina buga Q a wurin A, abokan aiki na mini dariya. Duk mai shirin irin wannan jarrabawa, ya je ya taɓa kayan aikin da hannunsa kafin ranar. Ni ban yi wannan dabarar da kaina ba. Da Kawu bai yi shelar da ta ɓata mini rai ba, da yau wani ne a kujerar nan.

Na kira shi don in yi godiya. Ya saurara har na gama, ya ce, "Madalla. Kwamfutar liman ta sake mutuwa. Yaushe za ka dawo?"