Ƙuri'ar Rumfar Bakin Ƙofa

Shekara shida ina sakataren ƙungiyar 'yan riɗi a kasuwar Maigatari, ban taɓa cin ko ƙwayar wani ba. Amma rumfar bakin ƙofa ta kusa ɓata mini suna. A gabanta manyan motoci ke fara tsayawa, shi ya sa duk shekara ake ƙuri'a a kanta: in rubuta sunaye, in nannaɗe, in zuba a hula, a zaro ɗaya. Sau biyu a jere sunan yayana ne ya fito. Wani dattijo ɗan Ɗanzomo ya dube ni a bainar jama'a ya ce, "Ɗan nan, hularka ta san 'yan gidanku." Aka kwashe da dariya. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Maƙwabciyata a Gumel, wata malamar kwamfuta 'yar Filato, ita ta nuna mini mafita. Ta ce akwai yarjejeniya mai zartar da kanta da ake rubutawa a blokcen, wato rajistar da dubban kwamfutoci ke riƙe da ita, babu mai iya gogewa. Sai an fara kulle sunaye, kowa da lambarsa, sannan yarjejeniyar ta nemo lambar da ba wanda ya san ta tukuna. Lambar kan zo da hujjar lissafi cewa hannun mutum bai taɓa ta ba. Abokan cinikinmu na Damagaram da ke kan wani blokcen daban, su ma lambar za ta isa nasu da hujjarta. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ranar Alhamis bayan azahar muka taru. Na karanta sunaye da lambobi da ƙarfi, aka kulle. Na miƙa wa dattijon wayata na ce, "Baba, kai za ka danna." Ya danna. Sha bakwai ta fito. Lambar yayana ce.

Ni kuwa ko gezau. Na ce kowa ya duba da kansa. Wani Badamagare ya buɗe tasa wayar, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Wallahi lamba guda ce, hujja ta yi." Dattijon ya sunkuyar da kai.

Sai yayana ya miƙe. Mutum ne mai kara, ba ya iya ganin babba ya ji kunya. Ya ce, "Baba, na bar maka rumfar."

Ban san lokacin da na tashi ba. "Yaya, ba za ka bar ta ba! In ka bari, gobe a ce kunyar sata ce ta kama mu, har da ta bara da ta bara waccan." Tun da uwarmu ta haife ni ban taɓa musa masa a gaban mutane ba. Ya dube ni kawai, ya koma ya zauna.

Rumfa ta zauna a hannunsa. Dattijon ya zo da kansa ya ba ni hannu, maganar maguɗi ta mutu murus. Amma tun muna yara kwano ɗaya muke ci ranar kasuwa, ni da yayana. Ran nan da abinci ya iso, sai ya sa aka zuba mini nawa daban. Har yau kwano biyu ake kawowa. Ban yi nadama ba, sai dai abincin ba ya yi mini daɗi.