Keken Ɗinkin Inna da Barcin Babanmu

Makon jiya 'yata ta ji ina ƙorafin rashin barci, sai ta ɗauki wayata ta latsa, ta ajiye mini kusa da filo. Wata ƙara ta fara fita, shuuu, ba kiɗa ba, ba magana ba. Ta ce, "Mama, abin da ake yayi ke nan yanzu, yana sa barci." Na ce ta kashe. Ta zaci ƙauyanci ne ya motsa mini. Ban yi mata bayani ba. Amma kai mai karatu, tsaya in gaya maka.

A Makera na tashi, a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya, bayan katangar wata masaƙa. Injinanta ba sa hutawa, dare da rana. Mu da aka haifa cikin ƙuginsu ba ma jin sa, sai baƙo ya zo daga ƙauye ya kwana yana juyi, da safe mu yi masa dariya. Da damina ƙugin yakan gauraya da ruwa a kan kwanon rufi. Da bazara, in mun baza tabarmi a tsakar gida, ta ƙasa yake zuwa, ka ji shi a haƙarƙarinka har barci ya kwashe ka. Babu jaririn gidan nan da aka taɓa wahala wajen lallashinsa.

Babanmu ya yi shekara ashirin da biyu a ɗakin saƙa. Yakan dawo da auduga a gira da gemu, yana warin man inji. Da ƙarfi yake magana, ko gishiri zai nema sai an ji shi a ƙofar gida, mu kuma muna kwaikwayonsa a ɓoye. Ashe kunnensa ne ke mutuwa a hankali. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ba ma'aikatan ko abin toshe kunne ba. Audugar da ta zube a ƙasa suke tsinta su cusa.

Ina ajin ƙarshe na sakandare aka rufe masaƙar. Wata Litinin ma'aikata suka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda a manne. Shi ke nan. Babu mutum ɗaya daga cikin manyan da ya fito ya dubi idon mutanen da suka tsufa a ciki.

Sai shiru ya sauko wa unguwar. Muka fara jin tarin maƙwabta, da ɗigar famfo, da kukan kwaɗi daga wajen kogi. Yara suka yi kwana biyu suna rigima, suka saba. Babanmu ne bai saba ba. Ya ce da Inna, mahaifiyarmu, "Akwai gyare a kunnena. Ba ya yin shiru." Ashe ya daɗe a ciki, ƙugin injina ne ke rufe shi. Yanzu da babu abin rufewa, sai ya kwana yana zagaya tsakar gida, tafukansa biyu a kan kunnuwa. Ya rame, idanunsa suka yi ja. Likita ya ce kunnen ya riga ya lalace, ya rubuta ƙwayoyi, suka riƙa sa shi layi kamar mashayi, barcin kuwa bai zo ba. Yayansa ya zo daga Tudun Wada ya ce sammu ne, ya bar mana turare ya tafi. Kowa sai ya ce a yi haƙuri. Na tsani kalmar nan a shekarar.

Inna ce ta gano maganin. Tana da tsohon keken ɗinki na takawa da ƙafa. Wata rana da yamma tana ɗinka wa wata mata zane, ta waiwaya ta ga Baba a jingine da bango, bakinsa a buɗe, yana minshari. Ta tsaya, ya farka. Ta ci gaba, ya koma. Tun daga ranar ta jawo keken kusa da gadonsa. Fanka ba ta da tabbas, wuta sai ta ga dama. Saboda haka kullum bayan isha'i sai Inna ta zare allura da zare, ta hau taka keken wofi, ƙarr-ƙarr-ƙarr, awa biyu, wani lokaci uku. In ya farka a tsakiya, ta tashi ta sake hawa. Ƙafafunta suka kumbura. Matar maƙwabcinmu, 'yar Binuwai, wadda ita ma mijinta a masaƙar aka kore shi, takan leƙo ta ce, "Maman yara, tashi ki huta. Ni ma ina da ƙafa."

Ni kuwa jarrabawa ce a gabana, kuma labule ne kawai tsakanina da keken. Ƙugin masaƙa daga nesa yake zuwa, wannan kuwa a cikin kwanyata yake. In karanta layi ɗaya sau biyar. Haushi ya cika ni, kuma da yake ba ni da hanyar kaiwa ga waɗanda suka sa kwaɗon, sai na huce a kan abin da hannuna zai kai. Na cire igiyar fatar da ke juya keken, na cusa ta cikin jakar makarantata.

Inna ta nema har ƙarƙashin gado. Ta taka keken haka nan, babu ƙara. Ina kwance ina jin Baba yana zagaye, na ja zane na rufe kaina. Da asuba babu shi a gida.

Sai wajen hantsi muka same shi, a bakin kasuwa, a rumfar mai injin niƙa. Yana zaune a ƙasa ya jingina kansa da ƙarfen injin, yana barci kamar jariri. Gari ya rufe shi fari fat, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Mata sun yi layi da robobinsu suna tsallake shi, wasu na dariya. Na ji wata tana cewa, "Sabon mahaukaci ne?" Mai injin ya ce da Inna, "Hajiya, na san shi. Shi ya sa ban kashe ba, ko da niƙan ya ƙare." Inna ta cire mayafinta ta lulluɓe shi, ta zauna a ƙasa kusa da shi har ya farka da kansa.

Da muka koma gida ba ta doke ni ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Hannu kawai ta miƙo mini ta ce, "Kawo." Na kawo. Ita ta mayar da igiyar, ni na hau keken a daren. Muka riƙa karɓa-karɓa mu uku, ni da Inna da matar maƙwabcinmu, har shekara huɗu, har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu rufin masaƙar ya zube, ciyawa ta fi mutum tsayi a ciki. Duk kakar zaɓe sai wasu su zo da manyan riguna su tsaya a ƙofarta a ɗauke su hoto, su ce za a farfaɗo da ita. Ba su taɓa tambayar ina mutanen cikinta suka ƙare ba. Inna tana wurina a Unguwar Mu'azu, ba ta iya miƙewa sai an kama ta. Kwanan baya na kai ta asibiti, wani matashin likita ya danna gwiwoyinta ya ce, "Hajiya, tsufa ne kawai."

Inna ta ce, "Haka ne, ɗana."

Na ce, "Ba haka ba ne." Na ja kujera na zauna. Akwai layi a waje, amma sai da ya saurare ni har ƙarshe.